Ladan Kuturu Da Bakin Mawaƙi

A tashar mota ta Birnin Ƙonni, da rumfunan 'yan canji, da inuwar da ma'aikata ke shan shayi bayan an tashi daga aiki, akwai wata magana da ba ta tsufa, wai mawaƙan yanzu sun sayar da kansu. An faɗe ta a 1993 lokacin da jam'iyyu suka cika gari da lasifika, an maimaita ta a 2011 da 2016, kuma har gobe in aka kunna wata sabuwar waƙar yabo a salula sai an sami dattijon da zai girgiza kai ya ce Allah ya ji ƙan mazan jiya, su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, waɗanda suka yi waƙa don Allah da sanin darajar mutane. Maganar tana da daɗin faɗi, musamman ga wanda bai taɓa fitar da ko dala ɗaya ya sayi waƙa ba. Amma tun da zargi ne mai nauyi, kuma ana ɗora shi a kan mutanen da ke da iyali da mutunci, ya kamata a zauna a tantance abin da aka sayar, da wanda ya saya, da kuma wanda ya tura mai hajar kasuwa.

Da farko dai, mazan jiyan da ake kewa ba su taɓa yin waƙa kyauta ba. Sanin kowa ne a ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce kamar ƙira da jima da fawa, ana gadonta, tana da sarautunta, kuma sunan da aka ba mai ita, wato maroƙi, bai ɓoye komai ba. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ne, Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram ne. A fadar Sarkin Adar ta Illela da ta Sarkin Ƙonni ma haka abin yake: makaɗin fada yana cin doki da riga da rawani da damman hatsi, a ɗauke masa ɗawainiyar aure da suna, shi kuwa ya riƙe tarihin gidan a kansa, ya fito da shi ranar salla da ranar naɗi. Ɗan Anace ya ci arzikin 'yan dambe da manoma, Kassu Zurmi ya ci na 'yan tauri da mafarauta, har Gambu da ya yi wa ɓarayi kiɗa ba iska ya sha ba kafin ya tuba. Saboda haka duk wanda ya ce laifin mawaƙin yau shi ne karɓar kuɗi, to ya haɗa da kakanninsa duka ya zaga.

Sai dai akwai abin da dattijon mai girgiza kai yake ji a ransa wanda bai iya faɗa daidai ba, kuma yana da gaskiya. Makaɗin fada na da ubangida ɗaya, amma zaman nasu na rai da rai ne, wani lokaci ma daga kaka har jika. Wanda ya san zai kwana a gida ɗaya shekara arba'in ba ya yin ƙaryar da gobe za ta tona masa asiri. Bugu da ƙari, al'ada ta ba shi wani haƙƙi da ko waziri ba ya da shi: yana iya sakaɗa gargaɗi cikin yabo, ya ambaci adalcin kakan sarki ta yadda jikan zai gane ana nuna masa inda ya gaza, ya yi habaici ga bafaden da ke cutar talakawa, kowa ya ji, kowa ya gane, ba mai iya kama shi da laifi. Yabon da yake yi ma'auni ne da aka ɗora wa mai mulki, kuma talakan da ke tsaye a ƙofar fada yana auna sarki da shi. Sarki ya sayi muryar makaɗinsa, wannan gaskiya ne, amma bai taɓa samun tabbacin cewa ya sayi shirunsa ba.

Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya bi wata hanya dabam, kuma ita ce ta fi kusa da zuciyar ɗan kasuwa. Shi bai ɗaure kansa a ƙofar kowa ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da sojoji da mata masu zaman kansu, kuma duk wanda ya yi wa waƙa ya biya. In ana maganar neman kasuwa, babu mawaƙin Hausa da ya neme ta kamar Shata. Amma yawan iyayen gidan nasa shi ne 'yancinsa, domin wanda ke cin abinci a gida ɗari ba ya tsoron a rufe masa ƙofa ɗaya. Shi ya sa manya suka ji tsoron zambonsa kamar yadda suka yi kwaɗayin yabonsa. Ɗan Maraya Jos ma, da ɗan kuntiginsa, ya sami suna da abin duniya ta hanyar waƙe karen mota da ɗan adashi da matsalolin aure, wato ya sayar wa talaka labarin talaka, kuma ba a taɓa jin an ce ya ci amanar kowa ba. Duk ɗan kasuwar Ƙonni ya san wannan darasi daga shagonsa: mai abokin ciniki ɗaya bawa ne, ko da kuwa abokin cinikin nan miliyoniya ne.

To, ina aka sami matsala? An same ta ne lokacin da iyayen gidan suka ragu, kuma wa'adin zaman ya gajarta.

A Nijeriya, tun daga ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran, sai makaɗan fada suka fara leƙa ƙofofin 'yan kwangila da masu kuɗin man fetur. A Nijar kuwa gwamnati ce ta zama babbar fada. Zamanin jam'iyyar RDA an yi waƙar jam'iyya ɗaya bayan an murƙushe Sawaba. Zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, aka farfaɗo da Samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa, kowace gunduma ta riƙa tura 'yan wasanta su yi gasa a kan jigon da hukuma ta zaɓa: haɗin kan ƙasa, dashen itace, noman rani, yaƙi da jahilci. Ba za a ce ba a sami alheri ba. Waƙoƙi masu kyau sun fito, 'yan mata da samarin ƙauye sun hau dandamali, an ji su a Muryar Sahel, kuma daga wannan yunƙuri ne aka sami gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 da sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, da cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya. Amma a zamanin ne kuma aka koya wa ma'aikacin gwamnati wata mummunar ɗabi'a, ta ganin mawaƙi kamar kujera ko tabarmar taro, abin da superfe zai aika a ɗauko in minista zai zo, a ba shi shinkafa da kuɗin mota, a sallame shi. Wanda ya yi waƙar da ba a sa shi ba kuwa, ya san inda zai kwana. Ba a kira wannan sayar da kai ba a lokacin, domin ba a ma biya ba, ƙwace aka yi.

Da Taron Ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, mawaƙa na cikin waɗanda suka fi kowa murna. Ga MNSD Nasara, ga CDS Rahama, ga PNDS Tarayya, ga ANDP Zaman Lahiya, kowace na bukatar wanda zai tara mata jama'a a filin mitin, a ƙasar da mafi yawan masu zaɓe ba sa karanta jarida. A ido, kamar zamanin Shata ne ya dawo, iyayen gida sun yawaita. A zahiri kuwa ba haka ba ne, domin jam'iyya ba ta yarda da kishiya. Attajiri ba ya jin haushi in mawaƙinsa ya yi wa wani attajiri waƙa gobe, amma ɗan siyasa na so a yabe shi, a kuma zagi abokin hamayyarsa, a rufe ido ga duk abin da ya yi. Kuma cinikin na ɗan gajeren lokaci ne, daga buɗe farfaganda zuwa ranar ƙuri'a. Bayan nan sai mawaƙi ya koma yana gadin ƙofar ofis, ana ce masa mai girma yana taro. A daidai wannan lokaci ne aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, ma'aikata suka yi watanni ba albashi, bukukuwan da makaɗi ke samun na cefane suka ƙanƙance. Ƙawancen da ya kai Mahamane Ousmane kan mulki a 1993 bai cika shekara biyu ba ya watse, abokan jiya suka zama abokan gaba, na jiya da ake zagi suka zama abokan tafiya. 'Yan siyasa suka sauya sheƙa aka ce dabara ce. Mawaƙin da ya bi su da gangarsa shi aka kira maciyin amana.

Wannan yanki ya ga abin da idonsa fiye da ko'ina, tun da Mahamadou Issoufou, wanda ya mulki ƙasa daga 2011 zuwa 2021, ɗan Dandaji ne a gundumar Illela, kuma jihar Tawa ce cibiyar jam'iyyarsa a lokacin. Shekara goma ana kwana ana tashi da waƙoƙin yabon mulki daga Badagishiri zuwa Galmi. Ba laifi ba ne ɗan gida ya yabi ɗan gida. Tambayar da mai hankali zai yi ita ce, a cikin waɗannan shekaru, waƙa nawa ce ta fito da ta tsaya a kan manomin albasa da ke sayar da buhu da arha ranar girbi don ba ya da wurin ajiya, ko a kan direban da ke tsayawa shinge bayan shinge yana miƙa na goro, ko a kan matasan Adar da ke ficewa ci-rani zuwa Abijan da Libiya saboda gona ba ta ciyar da gida, ko a kan ƙauyukan bakin iyaka da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka hana barci? Mai karatu ya lissafa da yatsunsa. Nan ne cinikin ya yi muni. Waƙar da aka yi ba ta cuci kowa ba sosai, ko ba komai an yi rawa. Wadda aka biya don kada a yi ta, ita ce asarar jama'a.

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka Hausawa suka ce, kuma ba a taɓa ganin inda karin maganar nan ya zauna daram kamar a tsallaken iyaka ba. Dauda Kahutu Rarara ya yi tashe da waƙoƙin Muhammadu Buhari a zaɓen 2015, har ana cewa muryarsa ta kawo ƙuri'un da wasu gwamnoni ba su kawo ba. A 2020 ya nemi masoyan Buhari kowa ya aiko da naira dubu ɗaya kafin ya saki sabuwar waƙa. Da Buhari ya sauka a 2023, sai ga shi gaban 'yan jarida yana cewa mutumin ya lalata ƙasa kafin ya tafi, alhali ya riga ya koma yi wa sabon shugaba waƙa. Mutanen Ƙonni ba sa bukatar a ba su labarin mulkin Buhari: shi ya rufe iyaka a 1984 yana soja, shi ya sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 yana farar hula, kuma kowane ɗan kasuwa a nan ya san abin da ya yi hasara. In har abin da mawaƙin ya faɗa a 2023 gaskiya ne, to ya san shi tun ana cikin wahalar, ya riƙe shi a ciki har ranar da faɗarsa ba ta da tsada. Ba a musun gwanintarsa, yabon gwani ya zama dole. Amma shaidar da ba ta fitowa sai bayan an tashi daga shari'a ba ta amfani wanda aka zalunta.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya yi waƙar siyasa ɗan haya ne. Marigayiya Hamsu Garba, 'yar Maraɗi, ta shafe shekaru tana waƙar siyasa, kuma ba ta ɓoye ɓangarenta ba. A farkon 2016, lokacin da Hama Amadou ke tsare a kurkukun Filinge yana takarar shugaban ƙasa, ta fito ta goyi bayansa a fili, aka kama ta, ta yi kwanaki a gidan kaso na Yamai. Mutum na iya ƙin ɗan takararta, yana iya ganin ta yi kuskuren zaɓi, amma wadda ta bi ubangidanta har ƙofar kurkuku ba za a ce da ita 'yar kasuwar bukata ba. A Kano ma an kama Aminu Ala a 2009 saboda waƙar da hukumar tace fina-finai ba ta so ba. Tun zamanin NEPU da NPC akwai masu waƙar da suka sha ɗauri saboda aƙida, akwai kuma waɗanda suka sha romo. Ma'aunin da zai raba su ba wuya gare shi: a duba ko mawaƙi ya taɓa faɗin abin da ya jawo masa hasara. In bai taɓa ba, ko sau ɗaya, cikin shekara ashirin, to bakinsa na da mai shi.

Akwai wani zargi na biyu da ake haɗawa da na farko, wai mawaƙa sun yar da kalangu da gurmi da goge sun rungumi fiyano da kwamfuta don neman kasuwa, sun koma kwaikwayon Indiya da Amurka. A nan ma akwai ƙamshin gaskiya, ga kuma rashin adalci. Makaɗin gargajiya na tafe da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira, wani lokaci mutum goma ko fiye, kowa da rabonsa, ga hayar mota. Yaron da ke da situdiyo a ɗaki ɗaya zai haɗa waƙar biki cikin yini guda da kuɗin da bai kai na man motar waccan tawaga ba. Uban amarya, wanda shi ne mai kukan al'ada ta lalace, shi ne kuma ke zaɓen mai arha. Kayan kiɗa kuwa ba su taɓa zama ma'aunin amana ba. Abdu Salam na Tawa ya haɗa gurmi da kayan zamani bai zama baƙo a gidansu ba. Misali mafi ƙarfi ma daga arewacin wannan jiha ya fito: Mdou Moctar, Buzu mai kaɗa jita, ya bi ta wannan hanya ta Ƙonni ya je Sakkwato a 2008 ya naɗi faifansa na farko da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan fim ɗin Hausa ke amfani da ita. Waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula har Mali, bai sami ko tamma ba, sai da wani ɗan Amurka mai kamfanin Sahel Sounds ya ji su ya neme shi. Daga baya kamfanin Matador na Amurka ya ɗauke shi, ya zagaya duniya. In da neman kasuwa ke kashe gaskiya, da shi ne farkon wanda zai yi shiru. Sai ga shi a faifansa na 2021 da na 2024 yana sukar abin da Faransa da sauran manyan ƙasashe suka yi wa Afirka, da kakkausar muryar da bai yi amfani da ita ba lokacin da yake kiɗan biki. Dalili a fili yake: masu biyansa dubbai ne, warwatse a duniya, ba wanda zai iya kiransa a waya ya ce cire wannan baiti. Hanyar Shata ce, da wani kayan kiɗa.

Ke nan maganar ta dawo gida, wurin masu zargin. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa ya hango na wani. Tun zamanin kaset, Ƙonni na cikin manyan ƙofofin da waƙa ke shigowa Nijar, ga Sakkwato ƙasa da kilomita ɗari, ga kasuwar Illelar Nijeriya a tsallaken iyaka. Mai shago zai sayi kaset ɗaya na asali, ya sa a na'ura mai baki biyu, ya buga ɗari, ya sayar har Tawa da Agadas, mawaƙi bai sani ba balle ya ga riba. Da kaset ya wuce aka koma faifan CD, da shi ma ya wuce aka koma memori: yaro da kwamfuta a bakin tasha zai cika wa mutum salula da waƙa ɗaruruwa a kan kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba, kuma ko dala ba ta isa hannun wanda ya yi waƙar. Gidajen radiyo masu zaman kansu da suka fara buɗewa daga 1994 sun cika shirye-shiryensu da waƙoƙi, suna karɓar kuɗin talla da na gaishe-gaishe a kansu, kuma sau da yawa mawaƙin ne ma ke roƙo a sa waƙarsa. Ɗan kasuwar da ba zai yarda a ɗauki ƙwayar ashana a shagonsa ba a biya ba, shi ne ke jin waƙa shekara talatin kyauta, sannan ya buɗe baki ya ce mawaƙi ya cika son kuɗi. Mutumin da jama'a suka ƙi biya, kuma yana da 'ya'ya, dole ya nemi mai biya. Masu biya kuwa a ƙasar nan ba su da yawa: ɗan siyasa, da attajirin da ke son a ji sunansa, da kamfanin salula mai neman talla a filin kokowa, da ƙungiyoyin agaji masu ba da kwangilar waƙar allurar rigakafi ko gidan sauro. Kowanensu da abin da yake so a faɗa, da abin da ba ya so a taɓa.

Ma'aikacin gwamnati ma ba zai wanke hannunsa ba. Nijar na da dokar kare haƙƙin mawallafa tun 1993, an kuma kafa ofishin BNDA don ya karɓi kuɗi daga masu amfani da waƙa ya raba wa masu ita. Doka ce mai kyau a takarda. Amma makaɗin da ke Dogerawa ko Tajaye, wanda bai yi lakkwal ba, wa ya taɓa zama da shi ya bayyana masa da Hausa yadda ake rajistar waƙa? Wace ma'aikata ce in ta shirya taro take sa kuɗin mawaƙa a cikin kasafi kamar yadda take sa na lemo da na hayar kujeru? Mushen da ya yi yajin aiki a shekarun 1990 saboda an riƙe masa albashi ya fi kowa sanin zafin a ci gumin mutum. Abin mamaki ne a ce shi ne kuma zai aika a kira makaɗi ya yi yini yana kiɗa a rana don tarbar baƙo, a sallame shi da godiya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an ga yadda kasuwar take ba tare da lulluɓi ba. Cikin 'yan makonni waƙoƙin yabon sojoji suka maye gurbin na jam'iyyu, kuma a watan Maris 2025 aka rusa jam'iyyun gaba ɗaya. Ba shakka akwai waɗanda suka yi waƙar kishin ƙasa da zuciya ɗaya, musamman lokacin da takunkumin ƙasashen yammacin Afirka ya rufe wannan iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, magani da abinci suka yi tsada. Fushin jama'a na gaske ne, kuma mawaƙin da ya ba shi murya ya yi aikinsa. Amma in kiɗa ya canza rawa ta canza har sau uku a rayuwar mutum ɗaya, daga Samariya zuwa jam'iyya, daga jam'iyya zuwa kishiyarta, daga nan zuwa kaki, kuma kullum mai rawar yana gaban wanda ke kan kujera, to jama'a na da haƙƙin su yi shakka. Haɗarin ma ya fi na da, domin lokacin jam'iyyu aƙalla akwai masu saye biyu ko uku, wanda wannan ya kora wancan zai ɗauka. In mai saye ya koma ɗaya, an koma gidan jiya, kuma ba tare da haƙƙin habaicin da makaɗin fada yake da shi ba.

Masu iya gyara wannan ba a Yamai kawai suke ba. Ƙonni da Malbaza da Illela ba matalautan garuruwa ba ne: ga siminti da ake yi a Malbaza tun shekarun 1960, ga albasar Galmi da ake lodi zuwa Gana da Kodebuwa, ga kasuwar dabbobi ta Badagishiri, ga fadamun noman rani na Ƙonni, ga hada-hadar iyaka. Alhazan da ke liƙa wa mawaƙi jika hamsin a goshi don ya ambaci sunan mahaifinsu sau uku, da za su haɗa rabin wannan kuɗi ta hannun ƙungiyarsu, su kira gwani su ce ya yi waƙa a kan halin da sana'arsu take ciki, ba sunan kowa, ba zagin kowa, da sun sami lauyan da ya fi takardar koke tasiri, domin takarda tana kwana a cikin durowa, waƙa kuwa tana shiga motar minista ta bakin direbansa. Masu tura waƙa a memori za su iya biyan ɗan abu a shekara kamar yadda suke biyan kuɗin rumfa, wakilin BNDA ya riƙa zagayawa ranar kasuwa da rasit a hannu, a kuma karanta a radiyo sunayen mawaƙan da aka raba wa da abin da kowa ya samu, don kada kuɗin su bi hanyar da wasu kuɗin suka bi. Magajin gari kuwa, in zai kira makaɗa tarbar baƙo, ya rubuta musu takardar yarjejeniya kamar yadda yake rubuta wa mai gyaran famfo, a faɗi kuɗin tun kafin a ɗaura ganga. Ranar da aka sake buɗe fagen zaɓe, hukumar da ke duba kuɗin farfaganda ta nemi kowane ɗan takara ya rubuta abin da ya biya mawaƙansa, kusa da abin da ya kashe a kan man mota da atamfa, don mai jefa ƙuri'a a Tsarnawa ko Bazaga ya san nawa aka sayi yabon da ke shiga kunnensa.